Jarkar ruwa ɗaya ce ta tona mana asiri

Mai ruwa ne ya tsaya da kurarsa a ƙofar gida, na ce wa ɗan farina ya shigo da jarka ɗaya. Ba na kiran sunansa, Yaya ƙannensa ke ce masa, ni ma na bi su. Daga soro zuwa bakin randa bai fi taku ashirin ba, amma sai da ya dire sau biyu, yana haki kamar wanda kare ya biyo. Shekararsa 14 a lokacin. Dariya na yi masa, amma da dare abin ya hana ni barci.

Sai na zauna na bi yininsa daki-daki. Ƙarfe bakwai ɗan adaidaita sahu ya kwashe su zuwa boko. Makarantar gidan haya ce aka mayar ajujuwa, ko filin shanya babu, balle na ƙwallo. Ƙarfe biyu su dawo, huɗu su tafi islamiyya, a can ma zama ne. Daga magariba kuma sai waya, wadda ta shigo gidanmu lokacin kullen korona a 2020 da sunan karatu, ta kuma samu wurin zama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na bukatar aƙalla minti 60 kullum na motsin da zai sa shi gumi da saurin numfashi. Nawa ko minti goma ba sa samu, kuma da hannuna na tsara musu hakan.

Matakin farko da na ɗauka shirme ne, gara in faɗa. Na ƙwace waya, na tara su na yi musu lacca kan ciwon suga da hawan jini, na kafa dokar gudu bayan sallar asuba. Kwana huɗu dokar ta yi. Ran na biyar Yaya ya ce ƙafarsa na ciwo, Ummi ta ce kanta, Auta ya fashe da kuka. Yaron da bai cika shekara 15 ba, ina ruwansa da ciwon da zai same shi yana da 50?

Surukata ce ta gyara min zama. Tana kan tabarma tana jan carbi ta ce, "Ke 'yar nan, ubansu da yake yaro wa ya taɓa ce masa ya motsa jiki? Da bulala muke koro shi daga dandali. Kun toshe musu ƙofa, kun dawo kuna musu wa'azi."

Na ce, "Hajiya, ai zamanin ne ya lalace, ba a sakin yaro haka nan."

Ta ce, "To ku fita tare mana."

Ranar Asabar ɗin nan Babansu ya ce zai nuna musu langa. Ya naɗe ƙafar wando, ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya yi tsalle uku, sai ga shi tim a ƙasa, hula ta yi gefe. Yaran suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kowa na so ya nuna ya fi Baba. Wanda bai taɓa yi ba sai ya raina wasan nan. Ƙungiya biyu ake yi, kowace da ruwanta, wato wanda ake karewa har ya kai wurin sha, abokan hamayya kuma na neman kayar da shi, duk a kan ƙafa ɗaya. Minti biyar ya isa ya jiƙa maka riga. Kafin sati biyu yaran layinmu sun cika ƙofar gida bayan la'asar ranakun Alhamis da Juma'a da babu islamiyya. Daga nan Yaya ya zarce ƙwallo, yanzu har filin Mahaha yake zuwa da abokansa.

Na Ummi ne ya fi ba ni wuya, kuma shi ya fi ci min rai. Tana shekara 12 wata maƙwabciya ta ce min bai dace a ga budurwa tana tsalle-tsalle ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne: alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna a duniya kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun isasshen motsi, maza kuma kashi 78. Mu da muka tashi muna gaɗa a farin wata, muna cafke juna har mu jiƙe sharkaf, mu ne yau muke zaunar da 'ya'yanmu mata kamar kayan ado. Ban yi musu da maƙwabciyar ba. Igiyar shanya na yanko, na kira 'ya'yan ƙanwata biyu, muka rufe ƙofa. Ni na fara tsallakawa, na yi 11 na zauna ina neman ruwa. Ummi yanzu tana wuce 200 ba tsayawa. Waƙoƙin gaɗar da na zaci na manta ma suka dawo min, na koya musu.

Sauran abubuwan ƙanana ne. Aiken da bai wuce tafiyar minti 15 ba na daina bayar da kuɗin adaidaita. Lemon kwalba ya koma na ranar suna da sallah, tun da na auna wa Yaya sukarin da ke cikin robar 50cl a kofi, ya haura ƙaramin cokali goma, ya tsaya yana kallo. Zoɓo da kunun aya nake yi, sukari kaɗan, sai gyaɗa da yalo da kankana in lokacinsu ne. Wayoyi kuma ƙarfe goma suke kwana a ɗakina, har da tawa, don Ummi ta ce in ba haka ba zalunci ne.

Ba kullum abin ke tafiya ba. Watan Afrilu zafin Kano ba ya barin kowa ya yi tsalle kafin ƙarfe biyar. Da hunturu ƙura na tayar wa Auta da asma, sai a koma cikin ɗaki. Da azumi kusan komai tsayawa yake, lokacin jarrabawa ma haka, sai an sake tayar da shi daga tushe.

Hutun ƙarshen shekarar da ya wuce muka hau Dutsen Dala da sassafe. Yaran suka haye matakalar da gudu, ni na tsaya hutawa sau uku. Da na isa sama na tarar da Yaya yana nuna wa Auta Goron Dutse da rufin gidajen birni. Ya juyo ya miƙo min gorar ruwa, ya ce, "Umma, wannan hakin fa? Gobe da asuba za ki fara gudu."