Tsiron da ke shan ruwa ta ka

Ban fi wata biyu da fara aiki a lambun sayar da furanni ba aka kawo mana wasu tukwane na tsiron da masana ke kira Aechmea fasciata. Mu dai abarbar ado muke ce masa, kuma sunan ya dace, don dangi ɗaya suke da abarba. Ganyensa faffaɗa ne mai ƙaya a gefe, da ratsin fari kamar an barbaɗa masa toka, sun kewaya sun yi ƙoƙo a tsakiya.

Ni da na saba da tumatir da yakuwa, safe da yamma sai na shayar da ƙasar tukunyar har ta jiƙe sharkaf. Ba a yi sati uku ba guda biyu suka fara wari. Da na ja ganyen tsakiya sai ya biyo hannuna, gindin ya ruɓe ya yi baƙi. Abin ya dame ni ƙwarai.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya tsuguna ya ce, "Kai yaro, ka san daga ina wannan ya fito?" Na ce a'a, ranka ya daɗe. Ya ce a dazuzzukan Brazil a kan rassan itatuwa yake tsirowa. Saiwarsa ta riƙo ce, ruwa da abinci kuwa ta ƙoƙon nan yake sha. Daga ranar muka sauya masa ƙasa da ɓawon itace da gawayi da yashi, muka matsar da shi inuwar darbejiya. Ruwan sama nake tara masa, don na burtsatse yana barin farin gishiri a ganye. Duk sati ina karkata tukunya in zubar da tsohon ruwan ƙoƙon in zuba sabo, in ba haka ba sauro ya samu gidan ƙwai. Da hunturu kuma sai an riƙa yayyafa wa ganyen ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne furen. Sau ɗaya tak yake yi a rayuwarsa: wani kai mai ruwan hoda da ke ɗaukar watanni, da ƙananan furanni shuɗɗa a tsakani. Idan ya ƙi yi, mukan rufe shi a leda da nunanniyar ayaba na kamar kwana goma, iskar da take fitarwa ce ke zaburar da shi. Bayan fure uwar takan fara bushewa a hankali. Ranar da na ɗauki wata zan kai juji, maigida ya riƙe hannuna ya ɗaga ganyen ƙasa. 'Ya'ya uku ne a maƙale a gindinta, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Ya ce in bar su sai sun kai kusan rabin tsayinta kafin in sa wuƙa.

Na cire su bayan damina. Biyu an saye, na ukun yana nan bakin rumfa, bai yi fure ba tukuna.