Awakin bayan ɗaki

Ƙauyenmu yana gaɓar kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan, tsakanin Sinnar da Sinja, ba nisa da Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Noman dawa da riɗi muke yi, da ɗan lambu a bakin kogi. Ba mu da garke irin na Larabawa da Fulani makiyaya masu ratsawa ta gefenmu. Namu awaki ne da tumaki a bayan ɗaki, wani gida uku, wani biyar, kuma kusan duka na mata ne.

A 2007 aka yi damina mai ruwa da sauro, tumaki suka dinga ɓari, mutane suka dinga kwanciya da zazzaɓi. Cutar da ake kira zazzaɓin Rift Valley ce. Ta kashe sama da mutum 200 a jihohin Farin Nilu da Sinnar da Jazira, Saudiyya ta daina sayen dabbobin Sudan, farashin rago ya faɗi warwas. Bayan wannan ne aka nemi ƙauyenmu ya ba da mutum ɗaya a koya masa aikin taimakon likitan dabbobi, abin da a nan ake cewa mu'awin baiɗari. Dattawa suka nuna ni, don ina iya karatu da rubutu da Larabci. Aka koya mana auna zafin jiki, da yin allura a ƙarƙashin fata, da ba da maganin tsutsar ciki. Na dawo gida da jaka da akwatin sanyi.

Cutar da ta fi cin mu ba wannan zazzaɓin ba ce. Annobar awaki da tumaki ce, wadda likitoci ke rubutawa PPR, 'yar'uwar bushiyar shanu da aka kawar daga duniya a 2011. Akuya za ta yi zafi, ta daina kiwo, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, sai zawo da tari. A yankin Gadarif aka fara ganinta a Sudan, a 1971. Ba ta kama mutum, ba ta kuma jin magani. Teramisin da mutanenmu ke saya a kasuwa yana rage ciwon huhun da ke biyo bayanta ne kawai. Amma tana da rigakafi mai kyau, allura ɗaya ta kare dabba shekara 3 ko fiye. Ranar da likita ya gaya mana cewa irin ƙwayar da ake haɗa rigakafin da ita a Najeriya aka samo shi, a 1975, har yau ma sunan ƙasar yake ɗauke da shi, na ji wani abu a raina. A lokacin daga cibiyar binciken dabbobi ta Soba, a Khartum, kwalaben suke zuwa mana.

Zuwan ma'aikata na farko da na gani, a lokacin girbi ne. Motarsu ta tsaya a bakin hafir, tafkin da ake haƙa don tara ruwan damina, suka yi wa shanun makiyaya da ragunan 'yan kasuwa allura, kafin la'asar sun wuce gaba. Maza suna gona. Mata ba za su fito su tsaya cikin baƙin maza ba. Waɗanda suka ji labari ma wasu rufe awakinsu suka yi, don a wurin talaka, hukuma ba ta ƙirga dabba sai jangali na tafe. Ban ga laifin ma'aikatan ba, mota ɗaya ce, ƙauyuka da yawa, mai kaɗan. Sai dai a takarda an rubuta an yi wa ƙauyenmu rigakafi, alhali akuyar gida ko ɗaya ba ta samu ba.

Na roƙi likita ya bar mini kwalabe in bi gida-gida. Ya ba ni, ya maimaita mini abin da aka koya mana: garin maganin ya zauna cikin sanyi, in an haɗa shi da ruwansa kada ya wuce awa 2. Kwalba ɗaya ta dabba 100 ce.

Na haɗa ta farko da hantsi. Wanda bai taɓa shiga gidajen Hausawa da aiki ba ba zai gane yadda lokaci ke tafiya ba. Ka yi sallama, ka jira a ba ka izini, a gaisa, a tambayi iyali, a kawo shayi, sannan a ce ai awakin sun bi yara bakin kogi. Azahar ta yi ban kai rabin kwalba ba, ƙanƙarar cikin akwati ta zama ruwa. Na duba sauran maganin na ji ba zan iya zubar da shi ba, abin da aka ɗauko tun daga Khartum. Na ci gaba da yi har bayan la'asar. Da idona dai bai canja kala ba.

Bayan 'yan watanni wani ya sayo rago a kasuwa ya sake shi cikin dabbobin unguwa. Kafin mako biyu cuta ta tashi. Gidajen da na shiga da safe ba su yi asarar kirki ba. Na yamma kuwa suka yi ta ja ana kai wa bayan gari. Cikinsu har da gidan ƙanwar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, awakin nan su ne madarar yaran, su ne kuɗin makarantarsu. Bakwai take da su, biyu suka rage.

Na same ta zaune a bakin turke. Ta ce, "Ɗana, ai ka yi musu allura."

Na ce, "Na yi, Goggo."

"To, haka Allah ya so."

Ba ta ƙara komai ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Da na kai wa likita rahoto, tambaya ɗaya ya yi: ƙarfe nawa na haɗa kwalbar, ƙarfe nawa na shiga gidanta. Na koma na gaya wa Goggo gaskiya, cewa maganin ya riga ya mutu kafin ya shiga jikin awakinta, kuma sakacina ne. Na ba ta akuya ɗaya cikin na matata, da yardarta. Abin da ban iya mayarwa da wuri ba shi ne yardar unguwar. Sai da aka shekara biyu wasu suna cewa allurar hukuma ce ke kashe awaki.

Daga nan na sake tsari gaba ɗaya. Ba na buɗe kwalba sai dabbobi sun taru a gabana na ƙirga su. Matata da uwar adashin unguwa, abin da a nan ake cewa sanduk, su suke zagayawa kwana biyu kafin ranar, su rubuta kowace mace da adadin nata. Liman ya faɗa bayan sallah cewa littafin a hannuna zai zauna, ba na haraji ba ne. Kowane gida ya ba da ɗan abin da za a sayo ƙanƙara daga Sinja, a naɗe ta a buhu da ɓuntu. Da asuba yara su kora awaki gindin bishiya ɗaya, mu gama kafin rana ta yi zafi, a shafa wa wadda aka yi wa shuni a baya. Abin da ya rage a kwalba bayan awa 2 ina zubar da shi a gaban kowa. Dabbar da ta riga ta kamu ba na yi mata, don za ta mutu a ce allura ce. Wanda ya sayo sabuwa a kasuwa kuma, muna roƙonsa ya ɗaure ta ita kaɗai mako 3.

Ragon da za a kai Saudiyya yana samun kulawa sosai, ana yi masa rigakafi, a killace shi a Sawakin, a ba shi takarda kafin ya hau jirgin Jidda. Daidai ne, kuɗin ƙasa ne. Amma da yawa cikin ragunan nan daga hannun mata irin Goggo dillalai suka tattaro su, ɗaya-ɗaya, kuma a nan cutar ke fara tashi. Akwai wani lissafin ma da ba na jin ana yi. Ƙaramin manomi ba ya samun bashin banki, don ba shi da jingina. In lokacin noma ya yi ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago, ɗayan biyu ne: ya sayar da akuya, ko ya ci shel, wato ya karɓi kuɗi a wurin ɗan kasuwa kan zai biya da riɗi ko dawa a kaka, a farashin da bai kai na kasuwa ba. Shekarar da awakin unguwar Goggo suka mutu, gidajen nan duk shel suka ci, riɗinsu tun yana gona ya zama na wani. Shi ya sa in aka tambaye ni wane tallafi ƙaramin manomi ya fi buƙata, nake cewa a sa firji mai aiki da hasken rana a kowane rukunin ƙauyuka, a kawo rigakafin kafin damina ta tsinke hanya, a kuma yi kwalabe ƙanana da za su dace da masu akuya uku.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya yanke hanyar Khartum, kwalabe suka daina zuwa, wuta ta zama sai an sa rana. A daminar 2024 faɗa ya iso Sinja, muka bi hanyar Gadarif da abin da muka iya korawa. A can dabbobin wurare daban-daban suka gauraya a mashaya ɗaya. Sau ɗaya na ga an yi rigakafi, wanda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta kawo, na kuma taya su riƙe dabbobi.

Mun dawo gida. Akwatin sanyina ban same shi ba, amma littafin yana cikin kayan matata. Duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da za a kawar da wannan annoba, mu kuwa duk abin da aka haifa a turakunmu tun farkon yaƙi bai ga allura ba. Makon jiya muka sake zagayawa da uwar adashi muka sabunta ƙidaya, gida-gida. Goggo tana da huɗu yanzu. Na kwafi adadin a takarda na kai wa likita, ya ce in kwalabe suka iso zai aiko mini kwana uku kafin ranar, don in samu in nemi ƙanƙara.