Aikin sa kai a ajin ƙananan yara a Maraɗi

Mu ɗalibai ne daga Kaduna, muna karatun koyar da ƙananan yara. Da muka samu hutu a lokacin hunturu, sai muka haɗa kuɗin mota, muka bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, don mu taya wata malama aiki a wata makarantar bakin gari.

Ɗakin bulo ne guda ɗaya, yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar sun cika shi maƙil a kan tabarmi. Na tambaye ta me ya hana a kafa rumfar zana a rage cunkoso. Ta ce, "Ƙanwata, ai zana ce ta cinye mana 'ya'ya." Gobarar Nuwamba 2021 take nufi, wadda ta kama azuzuwan zana a wata makarantar garin, yara sama da 20 suka rasu. Bayan nan ne gwamnatin Nijar ta hana zaunar da ƙananan yara a irin waɗannan azuzuwa.

Kayan koyarwarta kuwa buhu ɗaya ne: murafen kwalba, ƙwallayen goriba da tsakuwa. Takan zuba wa kowane yaro nasa a gabansa, ta ce da Hausa, "Miƙo mini bakwai." Sai yaro ya ƙirga da yatsa, ya ware, ya miƙa. In ya kawo shida ba ta tsawa, tare za su sake ƙirgawa har ya gano wadda ta rage. Sai abin ya zauna masa sannan ta faɗi lambar da Faransanci. Rubutu kuma a kan yashi ake fara shi, a tsakar makaranta, kafin a taɓa alli.

Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai. A Kaduna na sha ganin ɗan nazare yana rera lambobi da Turanci har ɗari, iyaye na murna, amma ka ce ya ba ka lemu huɗu sai ya tsaya yana kallonka. Hadda ce kawai, kuma yaron ake cuta.

Yanzu ina gwajin koyarwa a Tudun Wada. Na roƙi masu shagunan layinmu su riƙa tara mini murafen kwalba. Wata uwa ta zo ta ce, "Malama, ba wasa na kawo shi yi ba." Na ce, "Hajiya, zauna ki gani." Na sa ɗanta ya raba murafe tara gida uku, ya raba daidai tana kallo.