Abin da na koya daga Kodaly a ajin 'yan firamare

Shekarata ta farko ina koyar da waƙa a wata firamare cikin birnin Katsina, aikin baban giwa na yi. In shiga aji, in ja layuka biyar a allo, in jera alamomin sauti, in ce a kwafa. Su kwafa tsaf, su ci jarrabawa, amma ba wanda zai iya rera abin da ya rubuta. Ni kaina sai da lalube.

Wata dattijuwar malama ce ta tare ni a baranda. Ta ce, "Malam, ka taɓa tsayawa ka saurare su in an fita tara?" Na ce, "A'a, Hajiya." Ta ce, "To, gobe ka tsaya."

Na tsaya. 'Yan matan da ke gyangyaɗi a ajina su ne ke gaɗa, ɗaya na bayarwa saura na amshi, tafi bai kuskure ko sau ɗaya ba.

A wannan zangon na soma karanta tarihin Zoltan Kodaly, mawallafin kiɗa ɗan ƙasar Hangare, wanda aka haifa a Kecskemet a 1882. Mutumin da ke tsara wa manyan ƙungiyoyin makaɗa kiɗa, amma daga 1905 ya riƙa bin ƙauyuka da na'urar ɗaukar murya mai faifan kakin zuma, yana naɗar waƙoƙin manoma da tsofaffi, shi da abokinsa Bela Bartok. A 1907 ya fara koyarwa a kwalejin kiɗa ta Budapest. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fara da muryarsa, da waƙoƙin harshen uwarsa, rubutu ya biyo baya. Alamun hannu da ake nuna sauti da su ma aro su ya yi daga John Curwen na Ingila. A 1950 aka buɗe firamare a garin su Kodaly wadda ake rera waƙa kullum. Ya rasu a 1967.

Abin da ya fi kama ni shi ne tsoffin waƙoƙin da ya tattaro da yawansu a kan sauti biyar suke tafiya, kamar yawancin namu. Sai na ajiye allin. Muka ɗauki waƙar gaɗa guda, muka rera har ta zauna, sannan na nuna da hannu inda murya ta hau da inda ta sauka. Ba fiyano, ba kuɗi, kuma iyayen da ba sa son jin an ambaci kiɗa ba su sami abin cewa ba.

Inda Kodaly bai iya taimakona ba shi ne karin sauti da tsawon wasulan Hausa. Na taɓa ɗora kalmomin Hausa a kan karin Turawa, "gari" na mutane ya koma na tuwo, aji ya fashe da dariya. Mai kalangun Shata bai shiga kwaleji ba, amma ba zai yi wannan kuskuren ba.

Da hutu na tafi Daura da wayata in naɗi waƙar niƙa a bakin kakata. Ta rera baiti uku, ta yi shiru. Ta ce, "Ɗan nan, tun da inji ya zo ban ƙara durƙusawa gaban dutse ba. Sai dai ka dawo jibi, ko sauran za su faɗo mini."