Tukunyar Inna da soda

Wallahi har yau in na ga farar tukunya ta alminiyom sai gabana ya faɗi. Muna tarminal D, ajin ƙarshe na lise ɓangaren kimiyya, nan Tawa, mun kai darasin asid (masu tsami irin lemun tsami) da baz (kishiyarsu, irin kanwa), kayan labo ba su isa ba, sai mushe na shimi ya ce kowa ya gwada a gida da ruwan bisap, tunda launinshi na canzawa: ka matsa lemun tsami ya yi ja jawur, ka zuba ruwan kanwa ya koma duhu kore-kore. Wannan kam ya tafi daidai, har ƙannena sunka ce tsafi nike.

Ni ko da rawar kai na ce kanwa ta yara ce, baz mai ƙarfi nika so. Na samo soda irin wadda mata ke dafa sabulu da ita, NaOH kenan. Lissafin ma na san shi sarai, mol guda (ma'aunin yawan sinadari da muke aiki da shi a shimi) garam 40 ne, ke nan garam 4 cikin lita guda ya ba ka mol 0,1 a lita. Amma ina sikeli? Cokali biyu na kamfata na zuba a ɗan ruwa. Kuma cikin mi? Cikin tukunyar miyar Inna.

Da farko ruwan ya ɗau zafi, ban damu ba, an gaya muna soda na fidda zafi in tana narkewa. Sai na ji shuuu, kumfa na tasowa kamar an aza bisa wuta alhali ba wuta, ruwan ya yi toka-toka. Na kai hannu in sauke, ya fallatso min a yatsu, sunka yi santsi kamar na shafa sabulu, ashe fatata ce sodar ke ci. Na daɗe ina kwarara ruwa kafin raɗaɗin ya lafa. Cikin tukunya kuwa ya yi baƙi, duk ya zaizaye.

Abin da ke ƙona min rai, wannan abu yana cikin kayena! Da hannuna na rubuta cewa alminiyom asid na cin shi, baz ma na cin shi, kuma iskar da ke fita idrojan ce, mai kama wuta. Na hardace, na samu maki a dabuwar, amma ko kusa ban haɗa shi da tukunyar da muke cin miya kullum ba. Murhu na nan kusa fa, Allah dai ya tsare ba a hura ba.

Inna ta juya tukunya ta ce, “Kai ɗan nan, wannan shi ne bokon?” Kuɗin karin kumallona na sati uku sunka tafi wurin sayen wata.

In za ku gwada, ku tsaya ga kanwa. In kuma dole sai soda, to roba mai kauri, ruwa farko sannan soda kaɗan kaɗan, a fili, da safar hannu. Mushe da na ba shi labari sai da ya yi dariya har da hawaye, tun daga ranar duk aji Alminiyom suke ce min.