Asabar: harsashi bakwai da suka ƙi tashi

Da safe, a filin gwajin harbi da ke wajen Dalas. Cikin harsashi 100 na 9mm da aka sake cikawa a gida (a nan Amurka doka ta yarda mutum ya cika don amfanin kansa), bakwai sun ƙi tashi. Duk wanda ya ƙi, bakin bindiga na kallon gaba, yatsa a wajen kunama, sai an ƙirga daƙiƙa 30 kafin a fitar da shi, domin akwai mai yin jinkiri sannan ya tashi. Na harba 50 na kamfani, babu ko ɗaya da ya ƙi. Ke nan sifirin bindigar da allurarta mai bugun gindin harsashi lafiyarsu ƙalau, laifin na cikawa ne.

Uku daga cikin bakwai ɗin sun tashi a bugu na biyu, kuma wannan kaɗai ya isa shaida: firaima, wato 'yar hular da ke gindin harsashi wadda allura ke buga ta kunna albarushi, ba ta zauna daram a raminta ba. A cikin firaima akwai wani ɗan ƙarfe, 'yar maƙera mai ƙafafu, dole ƙafafun su taka ƙasan ramin. In ba su taka ba, ƙarfin bugun farko yakan ƙare ne wajen tura ta ciki, ba abin da ya rage na kunna ta. Daidai shi ne ta nutse inci 0.003 zuwa 0.005 ƙasa da gindin kwanso, wato gwangwanin harsashin. Yatsa ma yana jin bambancin.

Da yamma na jera sauran huɗun a kan gilashi. Biyu suna tangaɗi, firaimarsu ta ɗan leƙo waje, shaidar allura a kansu ɗan ɗigo ne kawai. Kwansunan soja ne, waɗanda ake danne bakin raminsu tun a kamfani, ga kuma baƙin toka daskare a ƙasan ramin. Irin waɗannan sai an buɗe bakin ramin an kankare tokar tukuna. Abin da nake roƙon kowa da Allah: kada a ƙara danna firaima alhali albarushi na ciki. A fara cire kan harsashin da gudumar cirewa, a juye albarushin.

Na uku allura ta lotsa shi sosai amma shiru. Da na buɗe, albarushin ya dunƙule, ramin firaima da danshi. An wanke kwansunan da ruwa, ba a bari sun bushe ba, kuma ramin nan shi ne ƙarshen bushewa. Maiƙo a yatsa ma ba abokin firaima ba ne.

Na huɗu ya fi ba ni wahala. Harsashin 9mm da bakin kwansonsa yake tokarewa a cikin ɗakin bindiga, wato inda harsashi ke zama kafin a harba. Faɗin bakin bai kamata ya wuce inci 0.380 ba, amma wannan an matse shi har 0.371, sai ya zarce gaba, allura ta taɓa shi sama-sama. Matsi a nan don mayar da bakin da aka buɗa wajen sa kan harsashi ne kawai. Na sassauta shi.

Sauran 200 na wannan rukuni suna cikin akwati. Gobe zan bi su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashi da ma'auni, duk mai tangaɗi a ware shi, a cire kansa a juye albarushin.