Yadda muka shigar da bayanan ƙwayoyin halitta cikin manhajar rubuta magani

Ina aikin harhaɗa magunguna a wani asibitin koyarwa a Amurka, kuma ina cikin kwamitin da aka ɗora wa nauyin shigar da sakamakon gwajin ƙwayoyin halittar gado cikin kundin marasa lafiya na kwamfuta. Kafin wannan aiki, sakamakon yakan zo ne a doguwar takarda da ake liƙawa a kundi, likita ya duba sau ɗaya, bayan shekara biyu kuma wani likitan ya rubuta magani ba tare da ya san da ita ba. Amma ƙwayar halitta ba ta canzawa, don haka sakamakon yana da amfani iya tsawon rayuwar mutum.

Mun dogara da ƙa'idojin CPIC, ƙungiyar masana da aka kafa a 2009 don tsara yadda za a rubuta magani bisa ƙwayoyin halitta, muka fara da kodin, wani maganin rage zafi. Wani sinadarin jiki mai suna CYP2D6, wanda ƙarfin aikinsa ya dogara da ƙwayar halittar mutum, shi ne ke mayar da kodin mofin a cikin hanta, mofin ɗin kuma shi ne ke rage zafin. Wanda jikinsa ke yin hakan da sauri fiye da kima yana iya samun matsalar numfashi, wanda jikinsa ba ya yi kuwa, zai sha maganin a banza. Muka tsara manhajar ta yadda gargaɗi ba zai fito ba sai lokacin da likita yake rubuta wa irin wannan majinyaci kodin, kuma a cikin gargaɗin akwai sunan maganin da zai maye gurbinsa. Na lura cewa gargaɗin da ya tsaya ga faɗin haɗari kawai, likitoci rufe shi suke yi, domin dama gargaɗi ya yi musu yawa.

Wafarin, maganin hana daskarewar jini, shi ya fi ɗaukar mana lokaci, kuma a kansa na fi dagewa. Yawancin gwaje-gwaje suna duba nau'i biyu ne na CYP2C9, ƙwayar halittar da ke taimakawa wajen sarrafa wafarin a jiki, wato *2 da *3, waɗanda suka fi yawa a jikin Turawa. Nau'o'in *5 da *6 da *8 da *11, waɗanda aka fi samu a jikin 'yan asalin Afirka, sau da yawa ba a duba su. A wani bincike kan auna wafarin mai suna COAG da aka wallafa a 2013, baƙar fata da aka auna musu magani bisa ƙwayoyin halitta sun fi fuskantar rashin daidaiton jini a kan waɗanda aka auna musu ba tare da gwajin ba. Saboda haka ƙa'idar CPIC ta 2017 ta ce kada a yi amfani da sakamakon ga ɗan asalin Afirka muddin ba a duba waɗannan nau'o'i ba.

Na nemi a sa manhajar ta riƙa nuna nau'o'in da aka duba ɗaya bayan ɗaya, maimakon ta rubuta cewa komai lafiya lau. Kwamitin ya amince, kuma yanzu idan gwajin bai cika ba, manhajar takan umarci likita ya auna wafarin ta hanyar da aka saba.